Gwaggo, Nas ɗin Kamfanin Biskit

Kafin jiniyar safe ta yi kuka, Gwaggo ta riga ta buɗe ɗakinta. Ɗan ƙaramin ɗaki ne da aka matse tsakanin siton sukari da wurin da ma'aikata ke canza kaya. Gado ɗaya ne a ciki, da benci, sai kabad mai ƙofar gilashi wadda ba ta rufuwa sai an danna ta da gwiwa. Da goge tebur take farawa, don ƙurar fulawa ba ruwanta da taga a rufe. Duk yadda ta toshe da yamma, da safe sai ta tarar ta kwanta a kan komai kamar an barbaɗa hoda. Ta dafa ruwa, ta jera almakashi da auduga da bandeji, ta warware abin awon jini ta ajiye kusa da hannu. Sannan ta fito bakin ƙofa ta tsaya, hannaye cikin aljihun farar riga, tana amsa gaisuwar masu shigowa.

Wanda bai sani ba sai ya ɗauka gaisuwar ce kawai, alhali aiki ta fara. Tana kallon tafiyar mutum da idonsa da leɓensa. Wane ya fara jan ƙafa, wance ta zube ba tare da ta kwanta ciwo ba, wancan fuskarsa ta kumbura. Ba ta kiran mutum cikin jama'a ta kunyata shi. Sai ya zo wucewa ta ce masa a hankali ya leƙo ta kafin hutu, akwai saƙonsa. Duk kamfanin an san ma'anar saƙon Gwaggo, har samari na tsokanar juna da shi.

Ita ce nas ɗin kamfanin da ke yin biskit da lemon roba, irin waɗanda yara ke saya a ƙofar makaranta. Shekara ashirin da ɗoriya ta yi a wannan ɗaki, a watan nan kuma ta ajiye aiki. Daga mai gadi har manaja Gwaggo suke ce mata, da yawa ma ba su taɓa tambayar ko tana da wani suna ba. Ba ta da lambar yabo ko ɗaya a bango. Shi ya sa na ga bai kamata ta koma gida shiru ba.

Daga babban asibiti ta zo, bayan rasuwar mijinta, saboda kamfanin na kusa da gida ga kuma yara ƙanana. Ta zo da tunanin aikin bai wuce ɗaure ƙuna da ba da maganin ciwon kai ba, kuma da farko hakan ne: wanda tanda ta lasa a hannu, wadda inji ya matse wa yatsa, masu tari saboda ƙurar fulawa, masu ƙafafun da tsayuwa ta kumbura. Amma da ta fara zagayawa cikin ginin sai ta ga abin da mai saye a waje ba ya gani. Ta ga ana farke buhunan sukari ɗaya bayan ɗaya ana juyewa a tankin da ya fi ɗakinta girma. Ta ga man da ke zuwa a daskare cikin kwali kamar sabulu. Ta ga robar da aka zana wa lemun zaƙi a jiki, ganye shar da shi, alhali lemo ko ɗaya bai taɓa shigowa ta ƙofar kamfanin ba. Ruwa ne da sukari da kala, da wani abin ƙamshi da ke zuwa a ƙaramar jarka. Ba ɓoyewa ake yi ba, duk an rubuta a jikin leda, da haruffan da sai mai tabarau.

Akwai kuma abin da ma'aikata ke gani alheri ne. Biskit ɗin da ya karye, wanda suke kira gutsure, kyauta ne. Lemon da robarsa ta lotse ana tarawa cikin wani babban durom mai ƙanƙara a bakin sashe, kowa ya sha iya cikinsa. Famfon ruwa kuwa yana can bayan gini, ga hutu gajere. Mutumin da ya tsaya gaban tanda tun safe yana zubar da gumi, ga sanyi a gefensa kyauta, wa zai tura shi neman famfo? Gutsure ne karin kumallo, shi ne abincin rana, da yamma a ƙulla a leda a kai wa yara. Ita ma Gwaggo ta kai wa nata a shekarun farko, suna tarbarta da tsalle.

Sannu a hankali bencinta ya fara cika da wasu irin marasa lafiya. Saurayin da ko aure bai yi ba, jininsa ya hau kamar na dattijo. Mace mai ƙishirwar da ba ta yankewa, fitsari kuma ba iyaka. Ɗan ƙaramin rauni ya yi makonni ya ƙi kamewa. Ta nemi kamfani ya saya mata na'urar gwajin suga, aka ce ta dakata tukuna, sai ta aro a wurin tsohuwar abokiyar aikinta ta asibiti. Abin da ta riƙa gani ya hana ta sukuni. Ta fara yi wa mutane magana, kowa ya ce to Gwaggo, an gode, ya fita ya miƙa hannu cikin durom.

Abin bai tsaya mata a wuya ba sai da ya shigo gida. Ƙanin mijinta na aiki a kamfanin, ita ce ma ta samo masa aikin. Allah ya ba shi harshe: shi ke ɗanɗana kowane haɗi kafin a saki inji, in ya ce da saura a ƙara, ya sake kurɓa, haka daga safe har tashi. Shi ya sa aka laƙa masa Zaƙi, sunan ya bi shi har gida, har 'ya'yansa na faɗa a ɓoye. Mutum ne mai barkwanci. Kullum ya wuce ƙofarta sai ya ce matar Yaya ta shirya, ya kusa aiko da manya neman aurenta, ita kuma ta ce ya fara koyon guge rigarsa tukuna.

Mai wanke banɗakin maza ne ya kawo mata maganar, yana sosa ƙeya don kunya. Ya ce duk inda Zaƙi ya yi fitsari kiyashi ke taruwa, shi kuwa bai san ko wannan abin faɗa ba ne. Gwaggo ta ce abin faɗa ne, ta gode. Washegari ta lura ƙanin mijin nata na ɗingishi yana rufewa da rangaji irin na wasa. Ta kira shi, ta tura ƙofa, ta ce ya cire takalmin robar. Ya kawo zancen aure, ta ƙi dariya. Da ya cire, warin ne ya fara isa. Takalmin ne ya goge masa babban yatsa tun tuni, gyambon ya yi zurfi, shi kuma ya ce ai ba ya masa wani zafi. Wannan rashin zafin ne ya fi tayar mata da hankali. Ta soki yatsan hannunsa ta gwada, ta daɗe tana kallon na'urar.

"Matar Yaya," ya ce, wasan duk ya fita daga muryarsa, "ki rufa mini asiri. Mai ɗanɗanon da aka hana sukari, me ya rage masa a gidan nan? Da me zan ciyar da yaran?"

"Ba zan kai ƙararka ba," ta ce. "Amma ba zan ɗaure ƙafar nan in bar ka kana cewa ta warke ba. Asibiti za ka. In ka dawo mu hau wurin manaja tare, ni da kai."

Ya ƙi. Ya mayar da takalminsa ya fita, daga ranar ya canza hanya ya daina bi ta ƙofarta. Maganar ta isa gida a karkace. Surukarta, tsohuwar da Gwaggo ke zuwa yi wa wanki tun rasuwar ɗanta, ta aiko a kira ta. Ta ce ta ji tana neman raba yaro da abincinsa, babban ya tafi, wannan kaɗai ya rage mata, ta bar mata shi. Gwaggo ta durƙusa ta saurara har ƙarshe. Da ta fito sai ta bi ta ɗakin matar Zaƙi, ta zaunar da ita ta koya mata wanke gyambon, ta faɗa mata alamun da in ta gani kada ta tsaya neman izinin kowa. Ba a daɗe ba matar ta gani: yatsan ya yi baƙi, zazzaɓi ya rufe mijin har yana sambatu. Ta kira Gwaggo, suka sa shi a mota. Likita ya cire yatsan da na kusa da shi, ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan da ƙafar ce dungurungum.

Ke ce kika zauna bakin gadonsa, Gwaggo, kina tashi aiki kina wucewa asibiti da kular abinci a hannu. Matarsa ta shaida cewa har aka sallame shi ba ta ji kin ce masa ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya. Ke ce kika koya masa yi wa kansa allura yana rufe ido kamar yaro, kina masa dariya har ya saba. Kin san ke kika sama masa aikin nan, kuma abin ya ci ki a rai, amma ba ki zauna kina cizon yatsa ba.

Daga gadon asibiti Zaƙi ya ce Gwaggo ta je ta faɗa wa manaja, ya yarda. Ta hau bene wurin manaja. Ba mugun mutum ba ne, ya ba ta kujera ya saurare ta tsaf. Sannan ya ce ta duba ta nasa ɓangaren. Mutane zaƙi suke so. In ya rage, na wani kamfanin za su saya, a rufe nan, mutanen da take tausayi su koma gida ba aiki. Masu kamfanin na can nesa, ciniki suke kallo. Kuma ba wanda aka danne aka ɗura wa. Gwaggo ta ce ba ta zo rufe kamfani ba, da shi take ciyar da marayunta. Ta zo ne a kan waɗanda ke cikin ginin. A kawo famfo kusa da injuna, a ɗauke durom ɗin nan, a ba mutane wurin da za su ci abinci na gaske da lokacin cinsa, a kuma nema wa Zaƙi wani sashe. Manaja ya yarda da masu sauƙin, famfo da ɗauke durom. Maganar Zaƙi ya ce zai duba, sauran kuma a bari.

Ranar da aka ɗauke durom Gwaggo ta ga fuskar da ba ta taɓa gani ba. Ma'aikata suka ce abu ɗaya tak da kamfani ke ba su kyauta shi ya tsone mata ido. Aka canza mata suna zuwa Hana-daɗi. Matan sashen ƙunshe kaya, waɗanda ta raka asibiti haihuwa ta riƙe musu hannu, suka riƙa wuce ta suna kallon bango. Wata safiya ta tarar an tara mata fankon robobi a bakin ƙofa. Bencinta ya zama wayam, mai ƙuna ma ya gwammace ya shafa man goge baki ya koma kan inji. Shugaban ma'aikata ya hau bene ya ce a kawo musu wata nas. Mai gadi ya ce a kwanakin nan ya sha ganinta bayan an tashi, zaune ita kaɗai tana share ido da gefen gyale.

Amma ba fushi ta yi da su ba. Da ta zauna ta yi nazari sai ta ga suna da gaskiyarsu: ta ƙwace musu abu ba ta miƙa musu komai a madadi ba, mai jin yunwa kuwa ba nasiha zai tauna ba. Sai ta ɗauko babbar tukunyarta ta gida ta kafa ƙarƙashin rumfar bayan gini. Matar Zaƙi, wadda gidanta ke bukatar abin shiga, ita ta kama girkin: wake, ganye mai yawa, ɗan kifi, mai da gishiri daidai misali, a kan farashin da ko mai shara zai iya. Kwanakin farko mai gadi da mai wanke banɗaki ne kaɗai ke zuwa da kwano, sauran abincin a raba wa maƙwabta. Matar Zaƙi ta ce su haƙura, Gwaggo ta ce a sake jiƙa wake.

Zaƙi ne ya warware abin, ba tare da ya shawarci kowa ba. Ya zo kamfanin da sanda, daidai lokacin hutu, ya zauna a wurin canza kaya inda jama'a ke taruwa. Aka kewaye shi ana masa sannu. Ya cire silifa, ya warware bandeji a hankali, ya ɗora ƙafar kan benci.

"Ku matso ku gani, kallo kyauta ne kamar lemon," ya ce. "Na fi kowa sha a gidan nan, shi ya sa aka fara da ni. Mai son a dawo da durom ya zo in ba shi aron takalmina, yanzu akwai fili a ciki."

Wasu suka fara dariya, dariyar ta mutu a bakinsu. Ya ce da Gwaggo ta rufa masa asiri yadda ya roƙa, da yanzu ƙafar katako ake auna masa, in ma yana da rai. A ranar layi ya fito daga ɗakin Gwaggo ya zagaya har siton sukari. Ba ta tuna wa kowa robobin da aka tara mata ba. Hannu kawai take cewa a miƙo. Ta samu masu suga da masu hawan jini da ba su san suna ɗauke da shi ba, ta tura na turawa asibiti, ta riƙe na riƙewa.

Bayan wani lokaci manajan da kansa ya sauko da ciwon kai mai naci. Ya tarar da layi, Gwaggo ta nuna masa wuri a bayan direban motar ɗaga kaya, ya zauna kuwa. Abin da awo ya nuna bai yi masa daɗi ba. Ba a jima ba ya ba da tsohon ɗakin ajiye kwalaye aka mayar da shi wurin cin abinci, aka ƙara hutun rana, aka mayar da Zaƙi kula da sito. Masu ɗanɗano suka zama da yawa suna karɓa-karɓa, kuma aka sa musu doka su kurkure su zubar, ban da haɗiyewa. Daga baya manajan ya ce da ya shaida wa masu kamfani cewa masu kwanciya jinya sun ragu, nan ne suka fahimci yarensa.

Ita kuwa surukar Gwaggo ba ta taɓa buɗe baki ta ba da haƙuri ba, ba halinta ba ne. Wata rana dai Gwaggo na shanya mata kaya, tsohuwar ta naɗe hannun riga ta miƙo damtse, ta ce wai ita ba za a auna ta ba ne, ko sai 'yan kamfani. Gwaggo ta ce gobe za ta zo da kayan. Maganar ta wuce ke nan.

Ba zan ce Gwaggo ta gyara duniya ba, ita ma ba za ta yarda a faɗa ba. Har yau ana farke buhunan sukari a ginin nan. Ta yi shekaru tana hawa bene a kan lemon da ake yi don yara, a ƙarshe aka rage zaƙinsa kaɗan, ta ce kaɗan ɗin ma an gode amma da sauran tafiya. Har yau ana ba da gutsure, sai dai ya koma tsaraba, ba shi ne abincin wuni ba. Ba ta taɓa ce wa kowa biskit guba ba ne. Abin marmari ne, haka take faɗa, a ci a ji daɗi a wuce, kada a reni yaro da shi. Iyaye mata da yawa a kamfanin sun koma dafa wa 'ya'yansu ƙwai ko dankali su tafi da shi makaranta, kuma ba doka ce ta sa su ba.

Ranar da aka yi mata sallama an taru a wurin cin abincin da tsakar rana. Sai ga masu tanda sun shigo da wani ƙaton kek da suka gasa a ɓoye, an lafta masa farin sukari kamar bangon da aka yi wa fenti. Ana ta jiran a ga abin da Hana-daɗi za ta yi. Ta zagaya shi tana dubawa kamar mara lafiya, ta karɓi wuƙa ta yanki siririn yanki, ta ci, ta lumshe ido. Ta ce yau ɗaya dai an yafe, amma Zaƙi ya tsaya can nesa ya shaƙi ƙamshi. Aka kwashe da dariya, wasu na dariyar suna goge hawaye. Shugaban ma'aikatan da ya taɓa neman a canza ta shi ya ɗauki akwatinta a ka har bakin titi.

Akwai irin wannan kamfani a ko'ina, kuma a kowanne akwai wanda ke gani. Nas ce ko mai kula da inji, mai dafa abinci ko shugaban sashe, wanda ya san abin da ake zubawa a tanki ya kuma san abin da yake yi wa jikin mutane. Gwaggo ba ta da muƙami, ba ta da wani a sama. Ta dai ƙi yin shiru, kuma da aka juya mata baya ba ta juya wa kowa ba. Mai irin wannan wuri ya yi koyi da ita. Masu kamfani su sauko daga bene su ga abin da ma'aikatansu ke ci da rana. Mu kuma iyaye mu daina auna ƙaunar yaro da ƙyallin ledar da muka saya masa.

Ke kuwa Gwaggo, uwar ma'aikatan biskit, mun gode. Mun gode a madadin matan da ba su zama zawarawa da ƙuruciya ba, da yaran da suka tashi da haƙoransu, da mazajen da ke komawa gida yau da ƙafafunsu biyu ba su ma san ke ce sila ba. Allah ya ba ki lafiyar da kika yi ta nema wa wasu, ya sa ki ci hutunki da daɗi, ya raya miki zuriya. Ki zauna ki miƙe ƙafa, kin tsaya ya isa.